Jagorar Ɗalibi: Yadda Ake Aikin Sanin Makama a Fannin Kare Muhalli a Jihar Kebbi

Duk lokacin da makarantu suka sallami ɗalibai zuwa aikin sanin makama, wanda aka fi sani da SIWES ko IT, sai ka ga samari da 'yan mata suna zagaya ofisoshi a Birnin Kebbi da takarda a hannu. Da yawansu wurin da za a sa musu hannu a littafi kawai suke nema, su koma gida su kwanta. Na taɓa zama da wani yaro da ya yi wata shida a wani ofishin gandun daji, na ajiye masa ɗan gawo da 'yar bagaruwa a cikin leda, ya kasa ce mini wannan ne wannan. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Jihar da hamada ke lasar ta ta wajen Kangiwa da Kamba, ambaliya ke cin shinkafarta a fadamar Argungu da Suru, kifi ke raguwa a ruwan Yauri, ba ta da wata shida na ɗanta da za ta zubar a banza. Saboda haka ga yadda nake ganin ya kamata ka bi abin, tun daga neman wuri har zuwa miƙa rahoto.

Fara da sanin ƙofar da za ka shiga

Ƙofa uku ce. Ta farko ita ce SIWES, shirin da ITF, hukumar horar da ma'aikata don masana'antu, ta kafa a 1973. Ɗalibin jami'a galibi wata shida yake yi, na kwalejin kimiyya da fasaha mai neman difloma wata huɗu. Ta biyu bautar ƙasa: in an turo ka Kebbi, tun kana sansanin Dakingari ka fara neman a tura ka inda ake aikin muhalli, in kuma makaranta aka jefa ka, ka shiga rukunin hidimar al'umma mai kula da muhalli. Ta uku sa kai, ga wanda ya gama karatu yana zaune. Ita ce ba ta da alawus, amma ita ce ta fi barin mutum ya zaɓi abin da yake so ya koya.

Zaɓen wuri

Kada ka zaɓi wuri don sunansa. Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka kai takarda: sau nawa a mako ake fita fili? In aka fara kame-kame, gaba.

Mai son aikin itatuwa ya nufi sashen gandun daji na Ma'aikatar Muhalli ta jiha, ko sashen gona na ƙaramar hukumarsu, inda malaman daji suke. Akwai kuma hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, shirin dasa itatuwa don tare hamada da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Kebbi na cikin jihohi 11 da yake aiki, kuma layin ganuwar a ƙasarmu daga ƙaramar hukumar Arewa ya tashi ya nufi Borno. Sai shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700, don farfaɗo da ƙasar da ta gaji a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kowace jiha tana da ofishinta. Mai son aiki da manoma ya nemi KARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jiha, can ne gidan malaman gona. Mai son madatsun ruwa da noman rani ya duba Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

In kuwa kifi ne ko namun daji, to ka shirya ƙetarawa Sabuwar Busa a Jihar Neja. Nan ne cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa take, da kwalejin kula da namun daji, da hedikwatar Gandun Dajin Tafkin Kainji. Daga Yauri ba wata tafiya ba ce mai kashe mutum. Masu sha'awar tsuntsaye kuma su san da cibiyar APLORI da ke Jos, wadda ke tattara bayanan tsuntsayen Najeriya daga hannun 'yan sa kai, kuma ɓangarenmu na Arewa maso Yamma na buƙatar masu ido.

Kai takarda

Karɓi wasiƙar makaranta da wuri, wata biyu kafin a sallame ku. Ka haɗa da taka wasiƙar, shafi ɗaya, ka faɗi abin da kake karantawa, da wata nawa za ka yi, da takamaiman aikin da kake so ka koya. "Ina son in koyi renon dashe da bibiyar rayuwarsa bayan an dasa" ya fi "ina son in ba da gudummawa ga muhalli" sau goma, domin shugaban sashe zai san inda zai ajiye ka. Ka kai da ƙafarka, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya, ka karɓi lambar magatakardan da ya amsa. Bayan mako guda ka koma. Takarda a ofis ba ta da ƙafa, sai an bi ta.

Daidaita watanninka da shekarar daji

Wannan ne abin da ɗalibai ba sa lura da shi, alhali a kansa komai ya rataya. Aikin muhalli yana bin damina da rani ne, bai san zangon karatu ba. Daga Fabrairu zuwa Yuni lokacin reno ne. Yuli zuwa farkon Agusta lokacin dashe, bayan ruwa ya zauna. A Zuru da Yauri yakan zauna da wuri, a Arewa da Augie sai an ƙara haƙuri. Satumba zuwa Nuwamba tara iri da share layin kare gobara. Disamba zuwa Mayu kuwa lokacin gwaji ne, sa'ad da dashe ke fama da hunturu da awaki da gara da zafin bazara. Tun ranar farko ka zauna da mai kula da kai ka ce: "Yallaɓai, watannina sun faɗo daga kaza zuwa kaza, wane aiki ne zan iya kamawa in ga ƙarshensa?" Ka fita daga ofishinsa da aiki guda ɗaya da yake naka.

Wajen renon dashe

In Allah ya sa ka dace da lokacin reno, nan za ka fi samun ilimi, kuma malaminka na gaskiya shi ne leburan da ya shekara ashirin yana ban ruwa. Ka kira shi Baba, ka riga shi ɗaukar bokiti.

Ana haɗa ƙasar sama mai kyau da yashi da ruɓaɓɓen taki. Wani wuri kashi biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na taki; wani wuri su sauya gwargwadon ƙasarsu. Abin da ba ya sauyawa shi ne takin ya zama ya ruɓe sosai, don ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. A tankaɗe, a cika leda har baki, a tabbata tana da huji a gindi, a jera a inuwa, a jiƙa kwana biyu kafin a sa iri.

Kowane iri da halinsa. Na bagaruwa da gawo da kuka ɓawonsu tauri gare shi. A daji sai ya bi ta cikin dabba kafin ya tsiro da sauƙi, shi ya sa ake ganin 'ya'yan gawo a inda garke ya kwana. A wajen reno dabarar ita ce a tafasa ruwa, a sauke, a zuba wa irin, a bar shi ya kwana a ciki. Ko a ɗan kankare gefen ɓawon da wuƙa ba tare da an taɓa ƙwayar ba. Dogon yaro kuwa akasin haka ne: irinsa ba ya jure ajiya, in ya yi 'yan makonni sai ya mutu, don haka ana wanke shi a shuka da ɗanyensa. Zogale ba ya ba da wahala ko kaɗan.

Ban ruwa safe da yamma. Duk bayan mako biyu ko uku a ɗaga ledojin a sauya musu wuri, a datse saiwar da ta huda ƙasa, in ba haka ba ranar ɗauka za a fizge ta dashen ya yi yaushi. Saura mako biyu zuwa uku a fita dashe sai a rage ruwa, a janye inuwa sannu a hankali, don ya saba da wahalar da zai tarar. Duk wannan ka rubuta: ranar shuka, iri nawa, nawa suka tsiro, bayan kwana nawa. Wanda ya riƙe wannan lissafin na wata uku ya riga ya samu babi guda na rahotonsa.

Dashe, da ƙidayar da ba a son yi

Rami ya kai kamar santimita 30 zuwa 40 zurfi da faɗi. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, a kiyaye kada ƙasar ta warwatse daga saiwa, a mayar da ƙasar sama tukuna, a taka, a bar ɗan kwari a gindin don ya tara ruwa. A tattara ledojin a tafi da su, shanu na haɗiye su su mutu. A inda ƙasa ta zama faƙo, ruwa na gudu a kanta, ana haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa na fuskantar inda ruwan ke gangarowa, a dasa a ciki. Dashen da ba a kewaye shi da ƙaya ko kwando ba kuwa, abincin akuya aka ajiye.

Na halarci wani bikin dashe da aka kafa rumfuna, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Da na koma wajen a watan Afrilu, abin da ya rage da rai bai kai yatsun hannuwana biyu ba. Babu wanda aka ɗora wa ban ruwa, babu wanda aka tambaya ko yana son itacen a wurin. Tun daga ranar na daina jin daɗin a ce mini an dasa dubu kaza. Abin da nake tambaya shi ne nawa suka ga damina ta biyu.

Wannan ƙidayar ita ce aikin da ɗalibi zai yi wanda ofis ke matuƙar buƙata kuma ba kasafai yake da mai yi ba. Ka ba kowane layi lamba. Ka ɗauki wurin da GPS na wayarka. Ka ƙirga bayan wata ɗaya, bayan wata uku, sannan a ƙarshen rani. In ka dasa 200 ka tarar da 130, kashi 65 cikin ɗari ke nan. Kada ka tsaya a nan: kowane mataccen ka duba abin da ya kashe shi, gara ce, dabba ce, ƙishirwa ce, ko wuta. Ga manyan itatuwa, ana auna kaurin gangar jiki a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Ka zagaya da tef, ka raba da 3.14, ka samu faɗinsa. Ka koyi cika fom a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai a waya, kyauta ce kuma tana aiki ko babu sabis, da yawa daga ƙungiyoyin da za ka nemi aiki wajensu gobe da ita suke aiki. In ka samu kwamfuta, ka ɗora wuraren a Google Earth ka ga yadda filin yake shekarun baya. Kuma ka rubuta adadin gaskiya ko da bai yi daɗi ba. In aka ce ka ɗan gyara, ka ba da haƙuri cikin ladabi, ka bar shi yadda yake.

Itacen da ke gonar tun asali

Kafin ka ɗauka leda ce kaɗai hanyar dawo da daji, ka dubi abin da maƙwabtanmu na Nijar suka yi. Tun cikin shekarun 1980, manoman yankin Maraɗi suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi masu ƙarfi biyu zuwa biyar a bari, a cire sauran, a sassabe rassan ƙasa har zuwa rabin tsayi da kaifaffen makami. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ta neman ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan biyar. Sabara da kalgo da magarya da aduwa da gawo duk suna cikin gonakinmu na Arewa da Dandi suna jiran a bar su. Gawo ma manomi ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kansa: ya san yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙasan sa ya fi ko'ina yabanya, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne da rani.

In ka samu manoma biyar da suka yarda ka yi wannan da su a gonakinsu, ka ɗaura ƙyalle a kowane reshen da aka bari, ka auna tsayinsa duk wata, ka yi aikin da ya fi na mai raba dashe dubu. Amma ka tambaye su dalilin da ya sa suke sarewa tun farko. Wani tsoron tsuntsu ne, jan baki na sauka a kai. Wani aron gonar aka ba shi, mai ita ba zai so ya ga itace ba. Wani kuma yana tsoron in ya girma malamin daji ya hana shi taɓawa. Amsoshin nan su ne zuciyar rahotonka.

Shiga gari

Ba a shiga ƙauye da takarda da biro a fara tambaya. Ka bi ta hannun mai kula da kai zuwa wajen hakimi ko dagaci, ka cire takalmi, ka durƙusa: "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, an turo ni in koyi aikin itatuwa a ƙasarka." Shi zai haɗa ka da Sarkin Noma. In akwai ruga kusa, ka je ka gai da Arɗo, domin dashen da aka yi a kan burtali ko mashaya ba zai rayu ba, kuma yana iya jawo fitinar da ta fi ƙarfinka. Kada ka yi alƙawarin taki ko rijiya ko tallafi, ba ka da su. Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izini.

Ke kuma ɗaliba, kina da ƙofar da abokan karatunki maza ba su da ita. Ke ce za ki shiga cikin gida ki zauna da Inna a gindin murhu, ki ji nawa take sayen icce a mako, wane itace ne ya ɓace wanda da ake samu a bayan gari, nisan da ake yi kafin a samo ɗorawa ko kaɗanya a ƙasar Zuru. In ana gwajin murhu mai rage cin icce, ki auna damin da ake ci a mako kafin a kawo shi da bayan an kawo. Maganar sare daji don gawayi ba za ta warware ba sai an san abin da ke faruwa a madafa.

In ruwa ka zaɓa

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, rayuwar Sarkawa da sauran masuntan Yauri da Ngaski ta koma kan tafkin. Aikinka a nan da asuba yake farawa, a bakin ruwa inda jirage ke sauka. Ka rubuta jirage nawa, wane irin kayan su, taru ne ko birgi ko mamari ko gura, wane kifi, nauyinsa da tsawonsa: giwan ruwa, karfasa, tarwaɗa, ƙurungu. Ka lura da idon raga, masunta da yatsu suke auna shi. Inda ka ga ana jan gidan sauro a ruwa, ko ka ji an zuba guba, to 'ya'yan kifin baɗi ake kwashewa. Ba naka ba ne ka yi faɗa ko ka kai ƙara a gaban mutane. Ka rubuta, ka gaya wa mai kula da kai, ka ji ta bakin Sarkin Ruwa. Ka kuma tambayi labarin dorina da ayu, ina ake ganinsu, yaushe rabon da a gani.

Ka samu lokaci ka je Argungu. Bikin kamun kifi da ya samo asali a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana tsaye ne a kan doka guda: kogin Matan Fada a rufe yake, ba a su a cikinsa sai an ba da izini. Abin da littafinka ke kira hutar da ruwa don kifi ya hayayyafa, Kabawa sun daɗe suna yin sa da ikon Sarkin Ruwa.

Lafiyarka da aljihunka

Ba na wasa da wannan. Akwai dazuzzukan da ba a shiga yanzu, ta wajen Danko-Wasagu da Sakaba da wasu sassan kan iyaka a arewa. Kafin kowace fita ka tambayi mutanen gari halin da hanya take a ranar, kada ka tafi kai kaɗai, ka dawo kafin la'asar sakaliya, wani a gida ya san inda kake. Ba maki a duniya da ya kai ranka. A ruwa kuma ka sa rigar kariya ko za a yi maka dariya, kada ka hau jirgin da aka cika maƙil. Ba mu manta da wanda ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 da mutane sama da ɗari ba. Takalmi mai rufi saboda maciji, hula, gorar ruwa, gidan sauro. Ka rage shiga ruwan fadama da ba ya gudu saboda tsargiya.

Kuɗi kuwa, alawus ɗin SIWES ba abin dogaro ba ne, yakan zo bayan an gama. Ka yi lissafin kuɗin mashin da abinci da kati tun kafin ka fara, ka nemi wuri kusa da inda kake da masauki.

Littafi da rahoto

Ka cika littafin aikinka kowace rana da yamma, kada ka tara sai ƙarshen wata ka zauna ƙirƙira. "Na je fili" ba rubutu ba ne. "Mun cika leda 350, mun jiƙa irin bagaruwa, Baba ya nuna mini yadda ake gane takin da bai ruɓe ba" shi ne rubutu. Mai kula da kai ya sa hannu duk mako, kuma ka tabbata an cika maka fom ɗin ITF an buga hatimi kafin ka bar wurin. Ka riƙe wani ƙaramin littafi naka daban, na sunayen itatuwa da kifaye da Hausa da na kimiyya, da Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci in ka samu mai faɗa maka.

A rahoton, in za ka ambaci muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, ka ɗaura kowanne a kan abin da ka auna da hannunka: na 15 a kan dashen da ya rayu, na 2 a kan geron da ke ƙarƙashin gawo, na 7 a kan murhun Inna. Ka buga kwafi uku, ɗaya na makaranta, ɗaya na ofishin da ya karɓe ka, ɗaya naka. Ka nemi takardar shaida mai faɗin ainihin aikin da ka yi, da ita za ka nemi aiki ko gurbin ƙaro karatu.

Kafin ka tafi, ka koma wajen hakimi da manoman ka yi sallama, ka gaya musu da Hausa abin da ka samu. Ka bar wa mai kula da kai lambobin layukan da taswirar wurin, don ɗalibin da zai zo bayanka ya ɗora daga inda ka tsaya. In watanninka sun ƙare a Oktoba, to ƙidayar ƙarshen rani tana nan tana jiranka: ka sa rana a cikin Mayu, kafin ruwan farko, ka hau mota ka koma da tef ɗinka da littafinka.